Lissafin da na kwafsa a kan tukunyar gas

Tun da gwamnatin Chadi ta hana gawayi a farkon 2009, tukunyar gas mai kilo 6 ta zama 'yar gida a unguwannin N'Djamena, balle da aka buɗe matatar mai ta Djarmaya a 2011. Shi ya sa da na zo koyar da dokar Avogadro a ajin yamma da nake yi wa masu shirin jarrabawar bak, ta kammala sakandare, a unguwar Goudji, na ce ga misali nan a madafar kowa.

Dokar ba ta da wuya. Amedeo Avogadro, ɗan Italiya, ya kawo ta a 1811: muddin zafi da matsi ba su sauya ba, wurin da iska ke ci yana tafiya ne da yawan ƙwayoyinta, ko wace irin iska ce. In yawan ya ninka, wurin ma ya ninka. Mol guda, wato ma'aunin yawan ƙwayoyi, a digiri 0 da matsin sararin da muke shaƙa, lita 22.4 yake ci.

Sai na ƙiyasta cikin tukunya lita 13, na raba da 22.4, na samu rabin mol da ɗoriya. Mol guda na butan, gas ɗin da ke cikin tukunyar, giram 58 ne, don haka na rubuta giram 34 a allo, har da ja masa layi. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, da giram 34 Inna ke mana tuwo har sati biyu?" Aji ya fashe da dariya. Maimakon in tsaya in duba, girman kai ya ɗebe ni. Na ce ta zauna, lissafi ba ya ƙarya, har na jefa maganar cewa wataƙila masu cika tukwane ne ke cutar jama'a. Wannan ta fi ci mini rai, don na shafa wa bayin Allah kashin kaji domin in rufe kunyata.

Da dare na ɗaga tukunyar gidanmu na girgiza, na ji ruwa na kaɗawa a ciki. Butan ne aka matse har ya koma ruwa, iskar kuwa 'yar kaɗan ce a samansa. Na ɗauki dokar iska na ɗora wa ruwa, na kuma tsallake sharaɗin matsin da na gama nanata wa yara da bakina.

Daga nauyi ake farawa. Giram 6,000 a raba da 58, mol 103 ke nan. A sake shi a sarari, zai ci sama da lita 2,300, a zafin Afrilu na digiri 40 kuwa ya haura 2,600, alhali a cikin tukunya ruwan lita 10 ne kacal. Gurbin da ake bari a sama ma da gangan ne, saboda ruwan na kumbura in ya ji zafi.

Washegari na gyara lissafin a allo, na nemi afuwar ɗalibar a gaban aji, na janye zargin da na yi.

Kai mai sayen gas, agogon matsi ba zai nuna maka abin da ya rage ba, domin matsin ba ya sauka sosai muddin da sauran ruwa a ciki. Ɗora tukunyar a sikeli, ka cire nauyin ƙarfen da aka buga a jikinta.