Tsakanin Ma'auni da Kunne

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa da niyyar sayen kayan sauti na gida, wato amfilifaya da lasifikoki da na'urar kunna faifai, ya san cewa shaidu biyu ne ke tsayawa a gabansa. Na farko shi ne lambobin da aka rubuta a jikin kwali ko a takardar bayani. Na biyu kuwa kunnensa ne. Sau da yawa bakin shaidun nan ba ya zuwa ɗaya, ga shi kuma kuɗin da mai saye ya daɗe yana tarawa ba za su kai shi kasuwa sau biyu ba.

Kafin a yi wa lambobi hukunci, ya dace a san abin da suke aunawa. Sauti karkarwa ce da ke ratsa iska, kuma ana ƙidaya yawanta a cikin daƙiƙa ɗaya da ma'aunin da ake kira haz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga haz 20 zuwa 20,000. Ƙarfin sauti kuwa da desibel ake auna shi. Injiniya yakan tambayi na'ura abubuwa biyu: shin tana fitar da kaurin sauti da siririnsa daidai wa daida, ba tare da ta fifita wani a kan wani ba? Shin kuma tana ƙara wani abu nata wanda babu shi a cikin faifan? Wannan ƙari shi ake kira gurɓatar sauti. A taƙaice, amanar na'ura ake aunawa.

Sai dai ba kowace lamba ce awo ba. A zamanin da rediyo mai kaset ke tashe, an sha ganin ɗan akwatin da yaro zai iya ɗauka da hannu ɗaya, amma an liƙa masa takarda mai cewa yana da wat dubbai, tare da haruffan PMPO. Wannan lamba ba ta da wata ƙa'idar awo da aka yi ittifaƙi a kanta, ado ne kawai na 'yan talla. Ƙarfin da za a dogara da shi shi ne wanda na'ura ke iya riƙewa na tsawon lokaci, wanda aka saba nunawa da haruffan RMS, kuma a irin wancan akwati ba ya wuce 'yan wat kaɗan.

Wannan saɓani ya daɗe da raba ma'abota sauti gida biyu, musamman a Amurka. Julian Hirsch ya shafe shekaru masu yawa yana auna na'urori yana bayyana sakamakon a mujallar Stereo Review. Shi kuwa J. Gordon Holt, a 1962 ya kafa mujallar Stereophile bisa ra'ayin cewa da sauraro ya kamata a yi wa na'ura hukunci, tunda don sauraro aka ƙera ta. Mutanen Holt suna da hujja mai nauyi. Tsofaffin amfilifayoyi masu kwalaben lantarki sun fi na zamani gurɓata sauti idan aka auna, amma akwai masu sauraro da yawa da suka fi son su, suna cewa muryarsu ta fi taushi. Ashe ke nan abin da ma'auni ya kira aibi yana iya zama zaƙi a wani kunnen.

Matsalar ita ce kunne shaida ne mai karɓar toshiya. A 1994, Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman sun gabatar da sakamakon wani gwaji da suka yi. Sun sa mutane sun saurari wasu lasifikoki suna kallonsu, suka ba su maki. Sun kuma saurare su a bayan labule. Sai makin ya sauya. Manyan lasifikoki masu tsada da ƙyalli sun sami fifikon da ya ragu da zarar an ɓoye su, kuma gogaggun masu sauraro ma ba su tsira daga wannan ruɗi ba. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, yana nufin yabon ido. A nan kam korar ta zama zalunci. Akwai kuma wata dabara da masu shago suka sani ko da ba su karanta ta a littafi ba: idan aka kunna na'urori biyu, wadda aka ɗan ƙara wa murya ita mai saye zai ce ta fi daɗi. Abin lura a binciken Toole shi ne, idan aka rufe ido aka daidaita ƙarfin murya, akasarin mutane lasifikar da ta fi kyawun awo suke zaɓa. Wato saɓanin da ke tsakanin ma'auni da kunne bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Duk da haka, akwai abin da takardar masana'anta ba za ta sani ba. Ba ta san ɗakin mai saye ba. Ɗaki mai bangon siminti da daɓen tayil yana mayar da amo har kalmomi su riƙa hawa kan juna, alhali darduma da labule da kujerun kushin suna shanye shi. Lasifikar da aka cusa a kusurwa kan yi kauri har ta dame. Ba ta kuma san kunnensa ba. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa kunne ya fi kaifi a tsakanin haz 2,000 zuwa 5,000, kuma idan aka rage murya, kaurin sauti ne ke fara ɓacewa. Shekaru ma suna da nasu rabon, domin siririn sauti shi ke fara suɓuce wa mai manyanta. Ɗalibin ilimin furuci zai gane haka da sauƙi: baƙi zuzau irin /s/ ƙarfinsa yana can sama ne, shi ya sa yake dushewa a tsohuwar wayar tarho, wadda ba ta ɗaukar abin da ya wuce haz 3,400. Amma karin sautin Hausa yana isa kunne lafiya ta wannan wayar, ko da yake ta yanke duk abin da ke ƙasa da haz 300, inda asalin amon muryar namiji yake. Ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbin. Mai sauraro ba mazubi ba ne da ake zuba wa sauti, da shi ake aikin.

Misali zai ƙara fito da batun. A ɗauki wani dattijo, malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda ɗansa injiniya ya sayo masa kayan sauti masu kyawun awo. Aka kunna masa tsohon kaset na Alhaji Mamman Shata, sai ya yamutsa fuska, ya ce tsohuwar rediyonsa ta fi. Ɗan ya ɗauka gardama ce ta tsufa. Alhali dattijon gaskiya ya faɗa. Sabuwar na'ura ta riƙe amana, ta fito da duk abin da ke cikin kaset ɗin, har da shuuu ɗin da tsohuwar rediyo ke ɓoyewa saboda gazawarta. Sannan shekara talatin ya yi yana jin kalangun nan ta ƙaramar lasifika, har muryar akwatin ta zama wani ɓangare na waƙar a wurinsa. Maganin bai wuce a ɗan murɗa maɓallin siririn sauti ƙasa ba, abin da ɗan yake gani tamkar saɓo ne, don zai karkatar da layin da ya sayo miƙaƙƙe.

A nan ɗan ne ya kamata ya sassauta. Amfanin awo yana wajen saye: shi ke tsare mutum daga ƙaryar kwali, da tsadar banza, da ruɗin idonsa. Bayan an kawo kaya gida kuwa, matsar da lasifika daga bango, shimfiɗa darduma, ƙara kauri da daddare sa'ad da aka rage murya, duk hurumin mai ɗaki ne. Sharaɗin kawai shi ne ya kira zaɓinsa da sunansa. "Haka na fi so" magana ce da ba mai ja da ita. "Wannan ta fi inganci" kuwa da'awa ce, kuma mai yin ta sai ya yarda a sa labule.

Wuri ɗaya ne kunne ba shi da ta cewa ko kaɗan, wato iyakar ƙarfin murya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa baligi zai iya sauraron desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Ƙwayoyin da ke karɓar sauti a can cikin kunne, idan suka mutu ba sa sake tsirowa, kuma a lokacin da ake yi musu ɓarnar mai sauraro daɗi yake ji.