Alhaji da ɗansa mai karatun taswira

Da ɗansa ya tafi Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, Alhaji bai so ya ɗauki labarin ƙasa ba. Burinsa yaron ya zama ma'aikacin duwan ko na banki, domin ɗan kasuwar Maraɗi ya san amfanin samun nasa a waɗannan wurare. Labarin ƙasa kuwa, a ganinsa, haddar sunayen gulabe ne da duwatsu, abin da ake koya wa yara a lakwal.

Shekara ta 2023 ta zo da abin da ta zo da shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyakoki, manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanbil, gadar da ke tsallakawa zuwa Gaya a toshe. Cikinsu akwai guda biyu ɗauke da shinkafar Alhaji, wadda rabin kuɗinta bashi ne. A wannan hutu yaron ya dawo gida yana neman kuɗin ci gaba da karatu. Wani dare bayan isha'i, a ƙofar magaza da babu kowa, uban ya tambaye shi: "Kai, wannan karatu naka, mene ne a cikinsa da zai fiddo mini buhu ɗaya daga Malanbil?"

Yaron ya ce: "Baba, ba zai fiddo ba. Amma shi ne ke tambayar abin da ya sa shinkafarku ta bi ta Malanbil tun farko."

Reshen da yake karantawa, labarin ƙasa na tattalin arziki, aikinsa ke nan: me ake nomawa ko ƙerawa ko sayarwa a ina, don me a can, kuma wa ke biyan kuɗin nisa. Ya ba shi labarin wani Bajamushe mai gona, von Thünen, wanda a 1826 ya nuna cewa kewaye da birni, abin da ke saurin lalacewa ana noma shi kusa, hatsi a can gaba, dabbobi kuwa a nesa, tun da su da ƙafarsu suke zuwa kasuwa. Alhaji ya yi dariya, dariyar farko cikin mako. Ai tumatir na lambunan Gulbi ne, gero na jigawa, shanu daga arewacin Dakoro suke gangarowa. Ashe har sai Bature ya rubuta littafi a kan wannan?

Daga nan hirar ta juya, uban ya koma malami. Shi ya tuna yadda kakansa ya ce jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 ya kashe ayarin raƙuma masu ƙetare Sahara, hajar da a da take sauka Agadas da Damagaram ta koma shigowa ta teku. Damagaram ta rasa ayari, a 1926 ta rasa fadar mulki, aka mayar Yamai. Maraɗi kuwa ta tashi a kan gyaɗa da hanyar Katsina, har farin 1973 ya karya gyaɗar. Waɗanda suka tsira su ne suka gane cewa iyakar kanta haja ce: atamfa da taba su sauka Kwatano, su hau jirgi zuwa Faraku inda dogo ya ƙare, su shiga mota, su kwana a magazar Maraɗi, su wayi gari a Nijeriya. Ya ga rufe iyakar 1984 zuwa 1986, ya ga karyewar sefa a Janairun 1994, lokacin da kuɗin ya rasa rabin darajarsa cikin dare ɗaya, kayan Turai suka ninka, albasar Galmi ta sami kasuwa a gaɓar teku. Yaron ya ce wani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi guda a kan alhazan Maraɗi a 1986, ana karanta shi a jami'o'i. Wannan kam bai yi wa Alhaji daɗi ba, ko da yake bai ce komai ba. Ɗan kasuwa ba ya son a san ta inda yake ci.

Shinkafar ba ta iso ba sai bayan watanni, wani sashe ya ɓaci, bashin kuma aka biya shi da kuɗin wani fili. Hajar da ta biyo baya ta Lome da Burkina ta zagayo, cikin rakiyar soja, kuɗin mota ya hau kan kowane buhu.

Ranar da yaron zai koma Yamai, uban ya kira shi ɗaki, ya ƙirga masa kuɗin rajista. Sa'an nan ya yi ƙasa da murya ya ce, wannan dogo da aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi, a binciko masa wajen malaman taswira ta wane gefen gari zai shigo, domin akwai wani fili a hanyar Ɗan Isa da mai shi yake neman kai da shi.