A Hannun Wa Ya Koya?



Mu mutanen cikin badala muna da wata tambaya da ba ma rabuwa da ita. In aka ce ga sabon malami ya buɗe zaure a unguwa, kafin kowa ya ɗauki Ishmawi ko Risala ya je ya durƙusa a gabansa sai an tambaya, a hannun wa ya yi karatu? Ɗan Madabo ne, almajirin Salgawa ne, ko daga gidan Kabara ya fito? In za ka ba da aikin babbar riga a Soron Ɗinki, ba ka miƙa shaddarka sai ka ji wanda ya koya wa maɗinkin riƙon allura. Hatta wanzamin da zai cire wa jariri belu sai an ce ai gado ya yi, kakansa ne ya yi wa su wane kaciya. Amma mutumin da zai zauna a ofis ya yanke shekarun da ɗanka zai yi a firamare, da harshen da za a koyar da shi, da ko zarto zai riƙe ko alƙalami, shi kam ba mai tambayar inda ya fito. Rediyo kawai za mu kunna mu ji an rantsar da shi, mu ce Allah Ya taya riƙo.

Na yi shekaru masu yawa ina riƙe da alli a makarantun cikin birni, daga firamare har ƙaramar sakandare, kuma duk tsarin da aka sauya a sama a kaina ya sauka. Wannan ne ya sa na ɗauki tambayar nan tamu ta gado na riƙa yi wa masu tsara mana ilimi ita ɗaya bayan ɗaya, ko da a zuci ne.

Na farkonsu a ƙasar nan shi ne Ɗan Hausa, wanda gidansa ke nan a Nasarawa har yau. Sunansa na yanka Hanns Vischer, haifaffen Suwizalan ne. Aikin mishan ne ya fara kawo shi ƙasar Hausa, daga baya ya koma aikin mulki a Barno, har ya ƙetare sahara daga Tarabulus a 1906. Shi aka ɗora wa buɗe makarantar boko ta gwamnati a Kano a 1909, kuma a bayan ganuwa aka kafa ta. Ba gogaggen malamin aji ba ne, amma yana jin Hausa, ya kuma zauna da mutane. Ina ganin wannan ne ya sa ya fara koyarwa da Hausa, ya kuma haɗa da sashen sana'a inda ake koyon sassaƙa da ƙira da dukanci. Daga baya ya zama sakataren kwamitin da ke ba gwamnatin Ingila shawara kan ilimi a ƙasashen da take mulka, wato abin da ya gani a Kano ya bi shi har Landan. Sai dai kada mu manta da bukatar wanda ya aiko shi. Bature na neman malaman haraji da magatakarda da 'ya'yan sarakai masu iya lissafi ne, ga waɗannan aka yanka rigar.

Waɗanda suka karɓa daga hannun Turawa kusan dukkansu malaman makaranta ne, domin Kwalejin Katsina da aka yi bikin buɗewa a 1922 don horar da malamai aka gina ta. Sardauna ya koyar a Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauci. Aliyu Makaman Bida, wanda ya riƙe ma'aikatar ilimi ta Arewa a farkon shekarun 1950, shugaban makaranta ne kafin nan, haka Isa Kaita da ya riƙe ta daga 1957 zuwa 1966 shi ma ya taɓa tsayawa gaban allo. Namu na gida kuwa, Malam Aminu Kano, ɗan Sudawa, a gidan malamai ya tashi, ya yi Shahuci, ya yi Midil ta Kano wadda ta zama Kwalejin Rumfa, ya koyar a Bauci da Maru, ya je Landan ƙaro ilimin koyarwa a 1946, ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Siyasarsu ta bambanta ƙwarai, har ba sa ga maciji da juna a wasu lokutan, amma kowannensu ya san ƙurar alli, ya san yaron da ya zo aji bai karya ba. Dattawan da suka koyar da mu sukan ce a zamanin nan in babba ya shigo makaranta ba ofishin hedimasta yake zarcewa ba, littafin yaro yake ɗauka ya duba ko an yi masa gyara.

To bari mu dubi na baya-bayan nan a Tarayya. Farfesa Jibril Aminu da ya riƙe ma'aikatar daga 1985 zuwa 1989 likitan zuciya ne. Farfesa Babs Fafunwa, 1990 zuwa 1992, masanin ilimin koyarwa ne. Oby Ezekwesili, 2006 zuwa 2007, akanta ce. Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i, 2010 zuwa 2013, masaniyar manhaja ce daga Jami'ar Bayero. Malam Ibrahim Shekarau, ɗan Kurmawa, malamin lissafi ne da ya bi tsani daga aji zuwa shugaban makaranta zuwa babban sakatare, ya yi gwamna daga 2003 zuwa 2011, ya yi ministan ilimi daga 2014 zuwa 2015. Malam Adamu Adamu, 2015 zuwa 2023, akanta ne kuma ɗan jarida. Farfesa Tahir Mamman lauya ne. Dakta Tunji Alausa da aka naɗa a 2024 likitan ƙoda ne.

Kada wani ya ɗauka cewa nake sai malamin makaranta ne kaɗai ya cancanta. Tarihin Kano da kansa zai ƙaryata mai wannan magana. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a 1977, waɗanda suka cika asibitocinmu da likitoci 'yan gida, tunaninsu daga masu lissafin ma'aikatan da jiha ke bukata ya fito, a zamanin da Dakta Ibrahim Ayagi, masanin tattalin arziki, yake kwamishina. Su ne suka ƙirga suka ga jiha guda ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi nata na kanta, suka nemi magani. Haka kuma a zamanin likitan zuciyar nan aka kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989, domin ya san rayuwar Fulani tun daga gida. Abin da na fahimta shi ne, kowa da idon sana'arsa yake kallon makaranta. Akanta yana ganin ɓarna da kasafi, lauya yana ganin doka, likita yana ganin cuta da magani, farfesa yana ganin jami'a. Kowane ido yana da abin da yake hangowa, yana kuma da abin da ke ɓace masa.

In kana son ganin yadda wannan ke shafar yaro, dubi maganar harshe. Fafunwa ya jagoranci gwajin koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare a Ife tun daga 1970, ya fito yana cewa yaro ya fi ganewa da harshen uwa. A 2022 gwamnati ta amince da tsarin koyarwa da harshen uwa a firamare. A ƙarshen 2025 aka sanar da soke shi, aka ce a koma Turanci. Yaron da ya shiga aji ɗaya a Yakasai ko Gwale a 2022 bai kai ga gama firamare ba aka juya masa hanya sau biyu, kuma ba a tambayi malamar da ke fama da shi a aji ba, wadda ko ana so ko ba a so da Hausa take yi masa bayani in tana son ya gane.

Amma inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wajen sana'a. Duba jerin sunayen nan da kyau. Akwai likita, akwai lauya, akwai akanta, akwai malami. Babu wanda aka sani da cin abinci da guduma ko basilla ko almakashi. Alhali tun daga tsarin ilimi na ƙasa na 1977, da tsarin 6-3-3-4 da ya fara aiki a 1982, babban alkawarin da aka yi mana shi ne yaro zai fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannu. An sayo injuna daga ƙasashen gabashin Turai an rarraba wa makarantu. A wata makaranta da na koyar, na tarar da namu a cikin akwatunan katako a sito, gara ta cinye katakon, tsatsa ta kama ƙarfen. Babu ɗakin da za a kafa su, babu wutar da za ta juya su. Malamin darasin da yara ke kira intiro tek, bawan Allah mai ƙoƙari, a kan allo yake zana musu zarto da ƙusa, su kwafa, su haddace sunayen da Turanci, su ci jarrabawa. Tafiyar minti biyar daga ƙofar makarantar akwai kafintoci da maƙera da ke aiki tun hantsi har magariba, kuma rabin yaran ajin can suke zuwa in an tashi. Wanda ya tsara darasin bai san da su ba, don a duniyar da ya fito ba a kiran wannan ilimi.

Ga shi kuwa birnin nan kansa makarantar sana'a ce tun kafin a haifi kakan Ɗan Hausa. Je ka marinar Ƙofar Mata ka ga yadda ake haɗa baba da toka a karofi, marini ya san ruwan ya nuna da ido da hanci, abin da ba ya samuwa sai an yi shekaru ana riƙe masa muciya. Je ka majema ka ga aikin bagaruwa a jikin fata. Shiga Dukawa, shiga Kurmi, leƙa wajen mabuga. Kowace sana'a tana da matakanta, yaro ya fara da aike da shara, ya koma riƙe kaya, a ba shi ƙaramin aiki, har ranar da maigida zai yaye shi ya sa masa albarka. Makarantar allo ma haka take, daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, har alaramma da gwani. Manhaja ce cikakkiya da jarrabawarta, takarda ce kawai babu.

An taɓa gayyatata wani taron bita kan koya wa matasa sana'a, a wani otal a bayan gari. Kwana biyu muka yi. Da aka zo gabatar da kai na riƙa lissafawa a zuci: masu digiri a tattalin arziki, masu digiri a mulki, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, wani baƙo daga Turai, da mu malamai 'yan ƙalilan. An yi ta maganar masu sana'ar hannu, an nuna hotunansu a majigi, amma ko ɗaya babu a ɗakin. Masu sana'ar da suka shigo wurin su ne wanda ya zo gyara janareta da matan da suka dafa abinci. Da na yi magana, sai wani ya ce mini cikin ladabi ai ba za su iya bin bayanin ba tunda da Turanci ake yi. Na ce to a yi da Hausa mana. Aka yi dariya, aka wuce batu na gaba.

Akwai wani tsohon ɗalibina da ya tsaya a aji uku na sakandare saboda rasuwar mahaifinsa. Yau yana da rumfar takalma a wajen Ƙofar Wambai, yara takwas ke ƙarƙashinsa, ya yaye wasu da dama, 'yan kasuwa daga Nijar suna sarin kayansa. Ya ji ana neman masu koyar da haɗa takalmi a wata cibiya, ya je, aka ce ina takardarsa ta difloma. Ya dawo ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar, ya ce, "Malam, wanda suka ɗauka fa wurina yake zuwa da yamma ina nuna masa yadda ake yankan fata." Bai faɗa da fushi ba, dariya ma yake yi. Ni ne na kasa dariyar.

Gaskiya ɗaya ce, an fara motsawa. Hukumar ilimin fasaha ta ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ta fito da hanyar gwada gwanintar mai sana'a a ba shi shaida ko da bai zauna a aji ba, an kuma yi ta maganar masu ƙere-ƙeren Fanteka. A 2023 an kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. A 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Duk abin a yaba ne. Amma ba mutum takarda daban, ba shi kujera a wurin yanke shawara daban. Makarantun tsangaya na zamani da aka fara buɗewa daga Gagi ta Sakkwato a 2012 sun isa darasi, domin gine-gine sun tashi, da yawansu kuma ba su ɗore yadda aka yi fata ba, alarammomi da dama suna ganin abin ba nasu ba ne.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Duk kwamitin da zai tsara koyon sana'a a jihar nan, a sa masu sana'a na gaske a ciki, marini da baduku da tela da bakanike da mai saƙa, maza da mata, da cikakkiyar murya, a kuma yi zaman da harshen da suke ji. Duk wanda zai taɓa makarantar allo, a zaunar da gwanaye tun daga farko, ba sai ranar yanke ƙyalle ba. Duk wanda aka ba ma'aikatar ilimi, likita ne ko lauya, ya ajiye malamin firamare da ke kan aiki kusa da kunnensa, ya kuma riƙa shiga aji ba tare da jiniya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu kuma iyaye, in an sake rantsar da wani, mu yi masa tambayar da muke yi wa wanzami da maɗinki. Ba raini ba ne, 'ya'yanmu za mu damƙa masa. In ya koya a hannun masu abin, madalla. In bai koya ba, ƙofofin birni a buɗe suke, malaman suna nan da ransu a Kurmi da Ƙofar Mata da zaurukan Madabo, ya zo ya durƙusa kamar kowa.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu dace. Wassalam.