Daga Fim Zuwa Rediyon Wasanni: Amurka da Gida

A 2013 ne Jay Mohr, ɗan wasan da ya fito a fim ɗin Jerry Maguire na 1996, ya fara gabatar da shirin wasanni a Fox Sports Radio. A Amurka wannan ba baƙon abu ba ne. Tun 1987, lokacin da aka buɗe WFAN a New York, tashar da ba ta da aiki sai wasanni dare da rana, irin waɗannan gidajen rediyo suke farautar wanda zai riƙe mai sauraro awa uku bai murɗa akwatinsa ba. Wannan kuwa sana'ar ɗan wasan kwaikwayo ce.

A can aikin na mutum biyu ne. Mai gabatarwa yana gaban makirufo, mai shirya shiri yana bayan gilashi. Mai shirya shirin ne ke tace masu bugo waya, ya nemo kocin da za a zanta da shi, ya ɗaga yatsu yana nuna daƙiƙun da suka rage kafin talla. Wanda ya taɓa tsayawa a dandali ya san lokacin da zance ya fara gundurar jama'a, shi ya sa wannan kujera take dacewa da tsohon ɗan wasan kwaikwayo.

Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, shi ma ya bi hanyar, sai dai daga ɗaya ɓangaren. A tashar WHO ta jihar Iowa yana sharhin wasannin ƙungiyar baseball ta Chicago Cubs da bai gani da idonsa ba, daga 'yan saƙonnin tangaraho, yana ƙawata su da bakinsa. A 1937 ya shiga Hollywood.

A ƙasar Hausa ɗan wasa da rediyo 'yan gida ɗaya ne. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja, gidan rediyon Kaduna ne ya fito da shi. Sashen wasanni ne dai aka bari a baya. A tashoshi da yawa mutum ɗaya ke tattaro sakamakon Kano Pillars, ya rubuta, ya karanta, cikin 'yan mintuna. Ina gurbin da ɗan Kannywood zai nema?

Abin takaicin shi ne masu sauraro suna nan jingim. Duk ranar Asabar gidajen kallon ƙwallo cike suke, musun Arsenal da Chelsea kuma yakan kai dare a teburin mai shayi, ba tare da masu gidajen rediyo sun ɗauko ƙwararren da zai tsara shi ya zama shiri ba.