Kunnen Mai Sauraro da Taswirar Gari

Akwai laifin da ido ke yafe wa marubuci, amma kunne ba ya yafe masa. Wanda duk ya saba halartar zaman karatun marubuta, inda mutum ke miƙewa ya karanta labarinsa a gaban jama'a, ya san abin da muke nufi. Mai karanta littafi shi kaɗai a ɗaki, in ya ci karo da kuskure, sai ya yi tsaki ya wuce. A zaure kuwa mutum talatin ne ko fiye, kuma cikinsu ba a rasa wanda aka haifa a unguwar da ka ambata.

Mun taɓa jin wani matashi yana karanta gajeren labari mai daɗin gaske. Tauraronsa ya tashi daga Kasuwar Kurmi cikin gaggawa zai tafi Sabon Gari, sai marubucin ya fitar da shi ta Ƙofar Kabuga. Nan take zaure ya kaure da dariya, domin Kabuga yamma take, hanyar Gwarzo, Sabon Gari kuwa sai ka bi ta wajen Fagge. Wani dattijo ya ce, "Yaro, ai wannan gaggawar ba ta kai shi yau." Daga nan babu wanda ya sake jin tausayin tauraron, alhali mahaifiyarsa ce ba lafiya. Ƙofa ɗaya ta kashe labari.

Haka abin yake ga zamani. Labarin da aka ce ya faru a Kano a 2015, amma yarinya ta tare ɗan acaɓa a Titin Gidan Zoo, mai sauraro zai tuna cewa tun 2013 aka hana wannan sana'a a birnin, a-daidaita-sahu ta gaje ta. Haka ga harshe. Ka ce mutuminka Basakkwace ne, sannan ka sa masa Kananci tsantsa a baki, a takarda sai ya sha, amma da ka buɗe baki ka karanta, asiri ya tonu.

To, ganin wannan wahala, sai wasunmu suka samo mafaka. Ko dai su ce "a wani gari", ko su kwashe mutanensu su kai Dubai da Landan, inda suka tabbata ba mai kama su. Mu da muke koyar da Hausa a sakandare muna ganin sakamakon a insha'in ɗalibai. Yaron da ya taso a Jakara, kullum yana wuce 'yan koli da masu ɗinkin hula, ka ce ya rubuta labari, sai ya kawo maka katafaren gida mai hawa uku a garin da ba shi da suna, ba rana, ba ƙura, ba ladan. Ya ɗauka unguwarsu ba ta isa shiga littafi ba. Wannan, a ganinmu, ya fi kuskuren Kabuga muni nesa ba kusa ba.

Magabata ba su ji wannan kunya ba. Littattafan da gasar 1933 ta haifar cike suke da garuruwan da ake iya zuwa a gani. Abubakar Imam ya ɗauko Ruwan Bagaja daga Kwantagora, duk da irin abubuwan al'ajabin da ke ciki. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi da Shaihu Umar ta Kagara da Makarfi da Kano har Murzuk, ga shi yau ɗalibi na iya ɗora yatsa a taswira ya bi hanyar da bayi suka bi cikin hamada. Ba mu ce ƙirƙirar gari laifi ba ne, Magana Jari Ce ma a wata ƙasar gabas aka kafa ta. Amma a ƙirƙira don labari ya buƙata, ba don tsoron tambaya ba.

Tsoron kuwa yana da dalili, ba ma musu. Ka sa ɓarawo a unguwa ta gaske, ka kwatanta gidansa da itacen darbejiya a ƙofa, gobe sai a yi maka sallama, domin lallai akwai mai irin wannan gida. Shawarar da muka ga tana aiki ita ce, titi ya zama na gaske, ƙofar gida ta zama ta marubuci. Kasuwa, masallaci, kwana, warin karofin Ƙofar Mata, duk a bar su inda Allah ya ajiye su. Sunan mai gida da lungunsa kuwa a sassaƙa.

Sannan gari ba ya jira. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina wata a madadinta. Ɗalibanmu na yanzu sabuwar kawai suka sani. Da a ce marubuta goma sun ratsa da mutanensu ta tsohuwar, sun faɗi ƙuncinta da yadda motoci ke jiran juna, da yanzu muna da abin karanta musu.

Shi ya sa a zangon nan muka hana 'yan aji biyar rubuta "a wani gari". Kowa ya fara labarinsa daga ƙofar gidansu, ya kawo shi bakin makaranta, ranar Alhamis kuma ya miƙe ya karanta. Makon jiya an shafe rabin darasi ana gardama a kan ko mai ƙosan da ke gindin tsamiya kafin gada take ko bayanta.