Mutumin Da Ka Shiga Hazo Da Shi

A tatsuniyoyinmu mai sauraro ba shi da ta cewa. In yarinya ta ƙi jin magana ta bi Dodo, sai dai ka riƙe numfashi ka jira abin da kaka za ta yi da ita. Akwai wani wasa da ya miƙa wa mai sauraro linzami: kai ne yarinyar, kai za ka ce a bi Dodo ko a koma gida, kuma duk abin da ya biyo baya a wuyanka yake.

Sunansa Dungeons & Dragons. Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka a 1974. Mutum huɗu ko biyar ne ke kewaye tebur. Ɗaya yana riƙe da labari, shi ne bakin duniya da duk wanda ke cikinta. Sauran kowa ya ƙirƙiri mutum guda, ya rubuta asalinsa da sana'arsa da ƙarfinsa a takarda. In mutuminka zai yi abu mai haɗari, sai ka jefa ƙwaya irin ta lido amma mai fuska 20, lambar da ta fito ita ke yanke hukunci.

A Liyon na koye shi, lokacin ina karatu a Faransa. Mu biyar ne, kowace Asabar da dare, har kusan wata takwas. Labarin da muka bi shi ne Curse of Strahd, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya buga a 2016, tushensa kuwa Ravenloft ne, na Tracy Hickman da matarsa Laura, a 1983. Wurin wani kwari ne mai suna Barovia, hazo ya zagaye shi, wanda ya shiga ba ya fita. Mai mulkinsa Strahd von Zarovich, jinin Dracula ɗin Bram Stoker na 1897 ne a adabi. A da mayaƙi ne. Ya so Tatyana, wadda ƙanensa Sergei zai aura, ya kashe ƙanen ranar bikin, ita kuma ta faɗo daga katangar fada ta mutu. Tun daga nan yake shan jini, ruhinta yana dawowa a jikin wata mace, yana binta, yana sake rasa ta. Wato shi ma sarkin fursuna ne, kuma abin da ya ɗaure shi ƙin sakin abin da ya riga ya tafi.

Shi ya sa mai riƙe mana labari, kafin mu fara, bai tambayi takobin kowa ba. Tambaya biyu ya yi: me mutuminka ya rasa, kuma me zai bayar don ya dawo da shi? Abokinmu ɗan Kamaru ya kawo soja wanda ya taɓa gudu daga fagen fama ya bar yaransa. Wata ƴar Lebanon ta kawo maharbiya mai neman ƙanwarta da ta ɓata. Bafaranshen cikinmu ya ce nasa ɓarawo ne, ba shi da kowa, ba ya kewar komai. Ni kuwa likitan ƙauye na kawo, wanda ya tafi neman magani lokacin annoba, ya dawo ya tarar an rufe rabin gari. A lokacin mahaifina yana kwance a Damagaram, labarinsa ta waya kawai nake ji. Ban gaya wa kowa a teburin ba.

Barovia ba ta gwada ka da yaƙi kamar yadda take gwada ka da zaɓi. Akwai wata tsohuwa, Morgantha, mai tallan ƴar gurasa da ke sa mafarki mai daɗi. Iyayen da suka kamu da ita, in kuɗi ya ƙare, da ƴaƴansu suke biya, kuma da ƙasusuwan yaran ake niƙa garin. Maharbiyar ta ce a ƙone gidan niƙan da duk wanda ya taɓa saye. Likitana ya ce a'a, don ya san yadda mutum ke neman barcin da zai ga mamatansa. Mun shiga gidan, ƙarfinmu bai kai ba. Yara biyu muka tarar a keji, ƙwaya ta ba ni 4, da guda muka fito. Daren nan shiru muka watse, alhali duk mun san takarda ce da alƙalami.

Gwaji mafi girma ya zo a wani tsohon haikali cikin duwatsu, inda wasu miyagun ruhohi ke tayin baiwa ga duk mai so. Ɗaya daga cikin baiwar ita ce ta da mamaci sau ɗaya, amma wanda ya karɓa zai koma kamar gawa a ido. Mako biyu kafin nan sojanmu ya mutu. Ya tsaya a bakin wata gada ya tare maƙiya har muka tsira. Sai mai labari ya dube ni ya ce muryar da likita take magana.

Bafaranshen ya ce in karɓa, ai riba ce tsantsa. Ni ma raina ya karkata can, don likitan da na gina ba abin da yake so irin wannan. Amma ɗan Kamarun, wanda ya shafe wata shida da sojan, ya ce: "Ɗan'uwa, bar shi. Sau ɗaya a rayuwarsa ya tsaya bai gudu ba. In ka tashe shi ka ƙwace masa ita." Nan na ga inda labarin ya kawo ni. Likita mai ƙin yarda da mutuwa da sarkin da ke bin Tatyana, hanya ɗaya suke, ɗaya ya riga ɗaya nisa ne kawai. Na ce likita ya juya baya. Mun fita ba mu da soja, yaƙin ƙarshe kuma ya fi mana wuya saboda haka.

Ɓarawon nan marar kowa kuwa, shi ne ya fi shan wahalar wasan. Strahd ya yi wa kowannenmu tayi, shi kaɗai ya tsallake, don ba abin da zai kama shi da shi. Da farko mai shi ya yi ta dariya, daga baya ya ga labari yana wuce shi kamar ruwa a bayan agwagwa. A wata na biyar ya zo da takarda ya ce ya tuna ɓarawon yana da uwa.

Don haka, mai karatu, in wata rana ka samu kanka a irin wannan tebur, kada ka ɓata dare kana lissafin ƙarfi. Ba mutuminka wanda yake kewa, da alkawarin da bai cika ba, da abu guda da ya rantse ba zai taɓa yi ba. Mai labari zai nemo farashin wannan rantsuwar, kuma ranar da ya ajiye shi a gabanka, amsar daga bakinka za ta fito.