Wuƙa Mai Haƙora Ta Aikin Lambu: Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Tura Kuɗi

 Yau mun ɗan ajiye saitin waya da manhajoji gefe, maganar wuƙa za mu yi, irin mai naɗewa ɗin nan mai haƙora da ake jefawa a aljihu a shiga lambu da ita. Na san wani zai ce me ya haɗa shafin fasaha da wuƙa? To ai yanzu a waya ake ganinta, a waya ake cinikinta, kuma hoton da ke cikin wayar shi ne yake sa mutum ya tura kuɗinsa. Ga shi kuma ba irin sayen kondon waya ba ne da in bai yi ba sai ka jefar. Wannan in ba ta yi ba, a kan yatsunka za ta rufe.

Ni dai ra'ayina a kan wuƙa mai araha guda ɗaya ne: kuɗinka su tafi a kan makulli da siffar haƙora. Sunan da aka buga a jiki, da baƙin fenti, da zanen damisa a mariƙi, duk ado ne na mai ɗaukar hoto.

Bari mu fara da su haƙoran, don mutane da yawa suna saye ba tare da sun san aikin da aka yi su dominsa ba. Duk tsinin haƙori ɗaya yana tara ƙarfin hannunka a wuri ɗan ƙarami, sai ya huda abin, sannan lanƙwasar da ke tsakanin haƙori da haƙori ta bi ta yanke. Shi ya sa abu mai santsi ko mai zare, wanda wuƙa mai miƙaƙƙen baki take zamewa a kansa, ita wannan take cafke shi. Igiyar leda da ka ɗaure tumatir da ita, bakin buhun taki, tiyon ban ruwa, karan masara, kututturen ayaba, ganyen kaba, busasshen karan rama, nan ne gidanta. Akwai kuma wani amfanin da ba a cika lura da shi ba. In bakin wuƙar ya bugi dutse ko bulo, tsinin haƙoran ne kawai suke taɓawa, kaifin da ke cikin lanƙwasa yana ɓoye. Don haka tana daɗewa tana yanka ko da ba a wasa ta ba, kuma ko ƙarfen ba wani na a-zo-a-gani ba ne. Wannan shi ne dalilin da ya sa a ɓangaren masu araha, mai haƙora ta fi rufa asiri.

Amma fa kada ka kai ta jikin abin da kake so ya ci gaba da rayuwa. In za ka yi wa mangwaro ko lemo aure, ko za ka yanki reshe don dashe, kana buƙatar yanka mai sulɓi wanda fuska biyu za su manne da juna. Haƙora yaga suke yi, su bar rauni mai gasa-gasa wanda yake jinkirin warkewa, ruwa ya zauna a ciki, ruɓa ta samu ƙofa. Wannan aikin na reza ne ko ƙaramar wuƙa mai miƙaƙƙen baki. Reshen da ya fi babban yatsanka kauri kuwa na zarto ne, kada ka wahalar da wuƙar aljihu.

Za ka ga wasu rabi haƙora rabi miƙaƙƙe, kuma su suka fi yawa a kasuwa. A hoto kamar ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ne. A hannu kuma, ruwan wuƙar da bai wuce santimita 8 ba in aka raba shi, haƙoran ba za su wuce santimita 3 ko 4 ba, kafin ka ja hannu sau ɗaya sun ƙare. Ni na fi son mai haƙora tun daga gindi har kusan baki, sannan in ajiye reza daban. In kuwa guda ɗaya tak kake iya saye kuma ita ce za ta fere maka rake, to ɗauki rabi da rabin, ba laifi.

Su ma haƙoran kala-kala ne. Ka buɗe hoton ka zuƙo shi sosai da yatsu biyu. Masu dogon tsini kamar na kada suna burgewa, amma suna sarƙewa a zaren buhu, ka ja su riƙe, ka fizga wuƙar ta ƙwace. Waɗanda suka fi daɗin aiki su ne masu lanƙwasa marar zurfi, kamar igiyar ruwa. Kamfanin Spyderco na Amurka, wanda ya yi suna da wuƙaƙen aljihu masu haƙora tun shekarun 1980, yana jera babbar lanƙwasa ɗaya sai ƙanana biyu, kuma masu kwaikwayo da yawa wannan tsarin suke bi. In ka ga irinsa kuma an fitar da shi tsaf, to madalla. Ka kuma sani cewa gefe ɗaya ake wasa haƙora, ɗaya gefen a shafe yake, shi ya sa yankan yake ɗan karkata. Haka aka yi ta, ba lalacewa ba ce.

To yanzu ga babbar maganar, makulli. Wuƙar da ba ta da makulli, wadda sifirin kawai yake riƙe ta a buɗe, ta isa fere lemo. Amma mai haƙora gaba da baya ake jan ta, kuma lokacin da ka tura gaba haƙori ya maƙale a igiya, ƙarfin yana komawa ne ta inda wuƙar take naɗewa. Ina yatsunka suke a lokacin? Daidai kan hanyar. Kuma yankan haƙora ba irin na reza ba ne da yake haɗewa da wuri.

Iri uku za ka fi cin karo da su. Akwai mai ɗan fallen ƙarfe a cikin mariƙi, wanda in ka buɗe yake tsallakowa ya tokare gindin ruwan wuƙar, sai ka ture shi gefe da babban yatsa kafin ta rufe. Akwai mai makulli a gadon baya, wanda kake dannawa ta saki. Sai mai zobe a wuya da ake murɗawa, irin na Opinel ta Faransa, kamfanin da ya faro tun 1890 ya kuma ƙara wannan zoben a 1955. Kowanne yana aiki in an yi shi da kyau. Na fallen ƙarfen shi ya fi yawa a masu araha, kuma shi aka fi yin ha'inci a kansa, don haka ga yadda za ka gwada.

Buɗe ta har ka ji ƙas. Kunna fitilar wayarka ka haska cikin mariƙin. Fallen ya kamata ya shiga ƙarƙashin gindin ruwan da dukkan kaurinsa. In da ƙyar ya ɗan taɓa gefe, zai iya zamewa. In kuma ya wuce can har ya jingina da ɗaya bangon tun tana sabuwa, to ba shi da sauran wurin ci, nan da 'yan watanni za ta fara girgiɗi. Sannan ka kama bayan ruwan da yatsu biyu ka motsa shi hagu da dama, sama da ƙasa. Ɗan motsin hagu da dama ana iya gyara shi in akwai noti a mahaɗar, ka ɗaure. Motsin sama da ƙasa kuwa makullin ne bai zauna ba, ajiye musu kayansu. Daga ƙarshe ka riƙe mariƙin ta gefe, yatsunka duk a waje, ka danna bayan ruwan a jikin benci da ɗan ƙarfi. In ta rufe, ka gode wa Allah da ta rufe a shago.

In a intanet ne, ko Jiji ko Jumia ko wani mai talla a WhatsApp, ba ka da damar taɓawa, to ka sa mai sayarwa ya taɓa maka. Ce masa ya ɗauko bidiyo na ainihin wadda zai aiko, ya buɗe, ya haska cikin, ya girgiza ruwan. Minti ɗaya ne. Wanda ya ce ba shi da lokaci, kai ma ba ka da kuɗi. Ka kuma ɗauki hoton tallar ka saka a Google Lens. Sau da yawa za ka ga wuƙa ɗaya da sunaye biyar da farashi biyar, ka ga ke nan masana'anta ɗaya ce, suna kawai ake canzawa. Wajen karanta ra'ayin waɗanda suka saya, tsallake masu tauraro biyar, yawanci ranar da kaya ya iso suka rubuta. Nemi masu tauraro biyu da uku, su ne suka yi aiki da ita. In akwai zaɓin biya bayan kaya ya iso, ɗauke shi.

Maganar ƙarfe ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, amma ga abin da lambobin suke nufi don kada a ruɗe ka. In ka ga 3Cr13, ana nufin kabon kusan kashi 0.3 cikin ɗari da kuromiyam kusan kashi 13. Kuromiyam shi ke hana tsatsa, kabon shi ke sa tauri da riƙe kaifi. 8Cr13MoV tana da kabon kusan kashi 0.8, don haka ta fi riƙe kaifi, kuma a masu araha ita ce zan ce ka nema. 420HC da 440A su ma sun isa aikin lambu. Ita 3Cr13 tana saurin dakushewa, sai dai ba ta cika tsatsa ba, kuma da haƙora tana yin aikinta. Abin da zai sa ka ɗaga gira shi ne babban suna a kan ƙaramin kuɗi, kamar a rubuta D2 ko a yi mata zanen ruwa-ruwa a ce Damaskus ce alhali kuɗinta bai kai na katin waya ba. Kuma don Allah a daina gwajin maganaɗisu. Ƙarfen wuƙa marar tsatsa ma maganaɗisu yana kama shi, don haka kamawar ba ta nuna komai.

Wani zai tambayi Okapi, wadda iyayenmu suka sani, da aka fara yi a Jamus yanzu kuma ake yi a Afirka ta Kudu. Wuƙa ce mai sauƙin wasawa, amma wadda aka saba gani miƙaƙƙen baki gare ta, kuma baƙin ƙarfe ce, ruwan tumatir ko na lemo in ya kwana a jikinta sai tsatsa. Mariƙin katako kuma, irin na Opinel ta asali, yana kumbura da damina har buɗewa ta yi wuya. A lambu roba mai kaushi ta fi, wadda ba ta zamewa in hannu ya jiƙe da yauƙin kuɓewa.

Launi ma ba wasa ba ne. Sayi ja, ko ruwan lemo, ko ruwan ɗorawa. Baƙa ko mai kalar kakin soja in ta faɗi cikin kunyar albasa da yamma, sai dai wani ya tsinta da kaka. Akwai kuma dalili na biyu da duk mazaunin gari ya sani. Da yadda ƙwacen waya ya sa ake bincike a hanya, musamman a Kano, wuƙa baƙa mai dogon tsini wadda ake danna maɓalli ta fito fat, ba za ka so a zaro ta daga aljihunka a shingen jami'an tsaro ba, ko da kai mai lambu ne na gaskiya. Zaɓi mai gajeren ruwa, santimita 7 zuwa 9, mai dunƙulallen baki, wadda kowa ya gani ya san kayan aiki ce. Dunƙulallen bakin ma ya fi a lambu, ba ya huda tiyo ko buhu in kana yanke igiyar da ke jikinsu. Kuma ka bar ta cikin kayan lambu tare da fartanya, ba sai ta raka ka kasuwa ko ɗaurin aure ba. Masu maɓallin nan dama ƙasa tana shiga sifirin ɗinsu ta kashe shi.

Ƙasa ita ce babbar abokiyar gabar duk wata wuƙa mai naɗewa. Mai makullin baya in yashi ya cika ɗan ramin da makullin yake faɗawa, za ta yi kamar ta kulle alhali ba ta kulle ba. Saboda haka na fi son wadda bayan mariƙinta yake a buɗe, ruwa ya shiga ta nan ya fita ta can. Tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu, a shanya ta a buɗe, sai ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a mahaɗa. Ɗigo ɗaya fa, mai da yawa ƙura yake tarawa.

Wani abin da masu tumatir da ayaba ya kamata su riƙe: wuƙa tana ɗaukar cuta daga shuka zuwa shuka, kuma lungunan haƙora sun fi riƙe ruwan tsiro fiye da miƙaƙƙen baki. In ka yanke shukar da ta yanƙwane ko ganyenta ya yi dabbare-dabbare, kada ka wuce kan lafiyayya kai tsaye. Goge ta da sifirit, ko ka tsoma ta a ruwan bilic, kashi 1 a cikin kashi 9 na ruwa. In bilic ka yi amfani da shi, ɗauraye ta ka goge bayan an tashi aiki, don yana cin ƙarfe.

Saura wasawa, inda ake kashe yawancinsu. Kada ka miƙa ta ga mai wasa wuƙa na injin nan mai juyawa, a minti ɗaya zai share haƙoran ya miƙo maka wata aba daban. Kada kuma ka goga ta a dutse kamar wuƙar kicin. Kowace lanƙwasa daban ake bin ta, ta gefen da aka wasa tun asali. In ka samu siririn magagari mai zagaye wanda yake tsukewa zuwa baki, shi ne daidai. In babu, naɗe samfefa mai laushi a jikin ƙusa ko bututun biro gwargwadon faɗin lanƙwasar, ka bi kowace sau huɗu ko biyar. Za ka ji ɗan kaushi ya taso a gefen da yake a shafe, sai ka kwantar da wannan gefen a kan samfefar ka shafa sau ɗaya ko biyu a hankali ya fita. Gwada ta a igiyar leda. In ta yanke da ja ɗaya ba tare da zare ya biyo haƙoran ba, ta yi, kuma ba za ka sake neman samfefa ba sai bayan watanni.